Wa Zai Zuba wa Donka Ruwa?

Ni da Donka katanga ɗaya ce ta raba mu, katangar ma ba ta kai min kafaɗa ba. Saboda haka babu abin da za ta ɗora a wuta ban ji ƙamshinsa ba, babu faɗan da za ta yi da mijinta ban san wanda ya tsokano ba. Shekara arba'in da 'yan kai muna haka. In na ce na san matar nan, to na san ta. Masu cewa tsoron mota ne ya hana ta fita daga garinmu, surutu kawai suke yi. Matar da na gani da idona ta fitar da bijimin mahauci daga lambunta da muciya, ita za a ce wa matsoraciya? Abin da ya zaunar da Donka ruwa ne, ruwan ma da bai fi cikin kwano ɗaya ba.

A garin nan namu na ƙasar Bulgeriya aka haife ta, layi biyu daga gidan da take aure. Ta yi aiki a kamfanin gwangwani, inda ake dafa tumatir da tattasai, har ranar da aka rufe shi aka sayar da injinan. Mijinta Marin kuwa direban babbar mota ne tun yana saurayi. A zamanin da yawancinmu ko kan iyaka ba mu taɓa gani ba, shi ya je Istanbul, ya je Bagadaza, ya je Hamburg, ya dawo wa yaran layi da cingam, ya dawo wa manya da labarai. Rabin labaran ƙarya ne, amma ƙarya ce mai daɗin ji, babu wanda ya taɓa tashi ya bar masa benci.

A wurinmu duk wanda zai kama hanya, ko yaro ne zai fara makaranta, sai wani na gida ya watsa ruwa a gabansa a bakin ƙofa, ya ce, "Hanya ta bi da kai kamar ruwa." Kowa yana yi, yawanci cikin wasa, da kofi ko gorar roba. Donka ba ta ɗauki abin da wasa ba. Tana da wani kwanon jan ƙarfe da ta gada wurin kakarta. Za ta cika shi a famfon tsakar gida, ta je ta tsaya gaban babbar motar nan, ita 'yar guntuwa da ko fitilar motar ba ta wuce ba, ta watsa ruwan gaban taya, ta faɗi kalmomin. Sannan ta koma gefe ta harɗe hannu a ƙirji har sai motar ta sha kwana.

Sau ɗaya tak ba ta zuba ba. Tana asibiti da ɗanyen jegon 'yarsu Velina aka kira Marin aikin gaggawa. A kan hanyarsa ta dawowa motar ta zame a kan ƙanƙara ta kwanta a rami, aka kawo shi gida da karaya a ƙafa. Tun daga ranar babu mai iya gaya wa Donka wata magana. Ta zuba, ya dawo da ƙafarsa. Ba ta zuba ba, an kawo shi a kwance. A wurinta zance ya ƙare.

Da Marin ya yi ritaya, muka ce to, yanzu baiwar Allah za ta huta. Ina! Bai daɗe a gida ba ya fara zagaye tsakar gida kamar akuyar da aka ɗaure. Ya kwance famfon da babu abin da ya same shi, ya kasa mayarwa. Ya shiga kicin zai koya wa Donka yadda ake yanka albasa, ta koro shi. Wata rana sai ga shi ya shigo da tsohuwar motar burodi da ya sayo a garin Lovech. Ya kwashe katakan da ake jera burodi, ya sa gado, ya sa ɗan murhun gas da teburi mai naɗewa, ya yanka taga biyu a jiki. Donka ta yi mita har ta gaji, sannan ta zauna ta ɗinka wa tagogin labule mai ɗigo-ɗigon ja. Yaran layi ne suka raɗa wa motar suna Kunkuru, wai tana yawo da ɗakinta a baya kuma ba ta san sauri ba. In rana ta yi zafi, har yau cikinta ƙamshin burodi yake yi.

Gadon na mutum biyu ne. Kujerar gaba ma sai da ya sake mata sabon yadi. Ranar fitar farko ya buɗe wa Donka ƙofa, yana ta washe baki.

"Shiga mana, tsohuwa."

"In na shiga, wa zai zuba ruwan?"

"Ki zuba, sannan ki shiga."

"Ka taɓa ganin wanda ya raka kansa? Mai zubawa a baya yake tsayawa. Ja motarka ka tafi, kana ɓata min safiya."

Haka ya tafi shi kaɗai, haka kuma ya ci gaba da tafiya shekara da shekaru.

Ƙasar nan tamu ƙarama ce, amma babu ƙauyen da ba shi da abin taƙama, kuma kowanne sai ya yi wa nasa biki. Masu furen wardi su yi, masu kankana su yi, masu zuma da masu kindirmo ba a bar su a baya ba, har masu kabewa. Marin ya haddace lokutansu duka. Daga fitowar sabon ganye har zuwa shigowar sanyi, da wuya ka ga Kunkuru ta yi mako biyu a tsakar gida. Tsofaffin abokan tuƙinsa kowa ya koma ƙauyensu, shi kuma ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya. Zai faka a ƙofar gidan mutum, a ci a sha, a tuna baya, amma in aka nuna masa ɗakin baƙi sai ya ce a'a, shi da gidansa ya zo. Tsakanin biki da biki kuma duk abin da aka kafa wa allo a bakin titi sai ya tsaya ya gani: kogon da aka sa wa fitilu, ƙauyen da shamuwa ta yi sheƙa a kan kowane turken lantarki, wani ɗan gidan tarihi da babu komai a ciki sai tsofaffin duwatsun guga na gawayi.

Kujerar gaba ba ta zauna haka kawai ba, kwalaben lutenitsa ne suka gaje ta. Gasasshen tattasai ne da tumatir, a yini ana tuƙawa a tsakar gida har muciya ta tsaya da kanta a tukunya, kuma duk wanda ya ci ta Donka ya daina yabon ta uwarsa. Marin zai jera kwalaben a kwali, ya ɗaure kwalin da bel kamar fasinja. Ya raba wa matan abokansa, su kuma su ba shi nasu ya kawo mata. Ta haka Donka ta yi ƙawaye a garuruwan da ba ta taɓa takawa ba.

Babbar ƙawar ita ce Nefize, matar Sabri, can cikin duwatsun Rodopi kusa da iyakar Girka. Sabri da Marin sun yi shekaru a mota ɗaya, wannan ya yi barci wancan ya riƙe sitiyari. Kowace shekara Nefize za ta saƙo wa Donka safar ulu mai ado, ta haɗo da ɗan buhun wakensu, irin manyan nan. Ranar Sallah Donka ta kira ta, ranar Ista ita ta kira Donka. Sun san ciwon gwiwar juna, sun san sunayen jikokin juna, amma ba su taɓa haɗa ido ba. Nefize shanun tatsa ne suka riƙe ta. Donka kuwa ko wayar da ake ganin fuska ba ta yarda da ita ba, wai tana kumbura wa mutum hanci. Har Sabri ya samo abin tsokana. Duk zuwan Marin sai ya ce masa, "Anya kuwa akwai wata Donka a duniya? Ni dai zargina kai kake dafa abin nan da kanka, ka biya wata mata ta riƙa ɗaga waya."

Bara da rani Marin ya je ganin likitan ido a Pleven. Da ya dawo, Donka ta tafi kasuwa, sai ya zo ya jingina da katangarmu ina tsinkar tumatir.

"Ginka," ya ce, "idon ya fara sallama."

"Wane idon? Wanda kake kallon 'yan matan biki da shi?"

Bai yi dariya ba. Nan na ajiye kwandon.

"Likita ya ce da rana zan iya lallaɓawa in ƙarasa wannan shekarar. Amma in sanyi ya shigo lasin ɗina zai ƙare, kuma ba za su sabunta min ba."

"Donka ta sani?"

"Ta sani. Ta ce gara haka, in zauna in gyara mata rumfar inabi." Ya shafa ƙeya. "Na ƙarshe shi ne bikin wake a ƙauyen su Sabri, ƙarshen kaka. Daga shi Kunkuru ta gama. Ni ba na neman komai, Ginka. Sau ɗaya dai in juya dama in ga mutum, ba kwali ba."

Tausayinsa ya kama ni har cikin raina, ni da ba na cika jin tausayin maza ba. Abin haushin kuma, na san Donka tana son tafiyar nan kamar ta yi me. Ba sau ɗaya ba, in Marin ya tafi aski ko wurin 'yan dara, na hango ta ta shiga Kunkuru da tsumma wai za ta share ƙura. Sai ta zauna a kujerar gaba, ta ɗora hannu biyu a cinya, ta yi ta kallon ƙofar gida ta gilashi. In ta ji motsina sai ta hau goge madubi.

Kowa ya kawo tasa dabarar. Velina ta kira daga Jamus ta ce, "Mama, ki bari in zuba daga nan, Baba ya riƙe miki waya kina ji." Donka ta ce, "Ruwan Jamus ne zai jiƙa min titin Bulgeriya? Je ki duba yaranki." Limamin cocinmu ya zo ya yayyafa wa Kunkuru ruwan albarka gaba da baya. Donka ta sumbaci hannunsa, ta cika shi da abinci, sannan ta ce, "Mun gode, Fada. Amma wannan na Allah ne, wancan na gida ne."

Marin shi ya fi kowa ɓata lamarin. Ya kwana biyu yana ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe, ya ɗaure gorar ruwa a bambar gaba, ya jawo igiya ta taga har kujerar fasinja. Ya kira mu kallo. Wai Donka tana zaune a ciki za ta ja igiya, gora ta karkace, ruwa ya zube gaban taya, shi ke nan an sallami kowa. Ya ja don ya nuna mana, gorar ta fita fit ta gangara ƙarƙashin mota. Ni dariya har da riƙe ciki. Donka ko murmushi.

"Shekara arba'in ina tsaye cikin sanyi da ruwan sama," ta ce, "ashe igiya ce za ta yi aikina."

Ranar bai ci abincin rana da zafi ba.

Ni kuwa tun farko na ce mata ga ni. Ban da hannu ne? Ban san inda famfo yake ba? Amma ni akwai tabo a kaina. Mijina Pencho ya tafi Sifen tsinkar lemo, wai na 'yan watanni. Na zuba masa ruwa, ba ma kwano ba, bokiti guda. Ya je ya haɗu da wata mai sayar da kifi, yau shekara ashirin ke nan. Duk sanda na kawo maganar, Donka sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke?" Ta ci gaba da abin da take yi.

Har ranar tafiya ta zo, babu abin da ya canza. Da safe Marin ya loda kayansa, jiki duk a mace. Ya ɗauko kwalin lutenitsa ya ɗora a kujerar gaba, ya ja bel ya ɗaure. Maƙwabta sun fito, don kowa ya san wannan ce fitar Kunkuru ta ƙarshe. Donka ta fito da kwanonta a cike, fuskar nan a murtuke. Ni kuma ina jingine da katanga, raina yana tafasa.

"Donka, don Allah ki ba ni kwanon nan ki shiga mota."

"In ba ki?" Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Kin zuba wa Pencho. Yana ina?"

Aka yi 'yar dariya. To ni ba a yi min haka a gaban jama'a in haɗiye. Na zagayo ta ƙofa na tsaya gabanta.

"Tsaya, gwana. Me kike faɗa in kin zuba? Faɗa min kalmomin."

"Ke ba ki san su ba?"

"Daga bakinki nake so in ji."

"Hanya ta bi da kai kamar ruwa."

"Sai me?"

"Sai me kuma? Shi ke nan."

"To ina 'ka dawo' a ciki? Nuna min. Kin taɓa ganin ruwa ya gangara ya juyo? Ruwan nan na tafiya ne, 'yar uwa, ba na dawowa ba. In kuwa maganar tafiya ake, duk layin nan babu hannun da ya kama ƙafar nawa. Pencho ya tafi har Sifen ko faci bai yi ba. Ya sami aiki, ya sami gida, ya sami mata, an ce har tumbi ya ajiye. Naki fa? Shekara arba'in kina korar mutum ɗaya, kullum sai ya dawo miki. Ruwanki ne ba ya aiki!"

Layi ya ɗauki shewa. Donka ta dubi kwanon, ta dubi Marin.

"To in ba ruwan ba," ta ce, muryarta ta yi ƙasa, "me ke dawo da kai?"

Marin ya cire hula ya sosa kai.

"Gaskiya, tsohuwa, ni ban taɓa kallon ruwan ba. Madubi nake kallo. In na ja mota sai in hango ki tsaye, kin harɗe hannu kina harara. Sai in ce wa kaina, Marin, in ka kuskura ba ka dawo ba, matar nan har lahira za ta biyo ka da muciya."

"Ranar da ka faɗa rami fa?"

"Gudu nake yi. An ce min jaririyar da ke take kama, na ƙagu in zo in gani."

Babu wanda ya ƙara yin dariya. Can sai Donka ta dangwara min kwanon a ƙirji har ruwan ya fantsamo min a riga.

"Riƙe. Hannu biyu. Kuma kada ki watsa shi kamar mai wanke tsakar gida, a hankali ake yi, daga hagu zuwa dama."

Ta shige gida. Kafin mu gama kallon juna ta fito da jaka a hannu, da sabon ɗankwali, da safar Nefize a ƙafa. Jakar nan ba yanzu aka haɗa ta ba, na rantse, amma na kama bakina. Ta buɗe ƙofar gaba, ta kwance wa kwalin bel, ta miƙa wa Marin.

"Kai wannan baya. Ginka, ki ba kajina abinci safe da yamma. Baƙar nan ba ta cin dusa in ba a jiƙa ba."

Na tsaya gaban Kunkuru da kwano. Rabona da zuba wa wani ruwa tun ranar Pencho. Na zuba a hankali, daga hagu zuwa dama, na faɗi kalmomin da ƙarfi. Sannan a ƙasan maƙoshi, yadda babu mai ji, na ƙara nawa na ce, ku dawo. Suka ja mota. Donka zaune ƙiƙam, jaka a cinya, ko waiwaye.

Sauran labarin daga bakinsu na ji, kuma ba su taɓa yarda da juna a kan ko abu ɗaya ba. Marin ya ce tun kafin su fita gari ta fara koya masa tuƙi. Donka ta ce in ba don ita ba da ya take jakin wani. Tafiyar da yake yi a yini ɗaya sai da suka kwana biyu a hanya, don ta kafe sai ta ga duk abin da ya taɓa ba ta labari, ta tantance gaskiya da ƙarya. A ƙauyen shamuwa suka tarar da sheƙuna fayau, tsuntsayen sun yi ƙaura tun kafin sanyi. Ta ce, "Ka gani? Na faɗa ƙarya ce." A gidan duwatsun guga kuwa ta tarar gaskiya ne, sai ta kama gardama da mai gadin wurin, wai na uwarta ya fi duk nasu tsufa. Kogon ne kawai ya rufe mata baki. Marin ya ce ta riƙe masa hannun riga tun daga shiga har fita. Ita ta ce santsi ne.

Sun kwana a bakin wani rafi. Ta ce katifar kamar katako, shi ya ce sai da ya tashe ta da rana tsaka. Abin da dai dukansu suka yarda da shi, kofin da ta dafa a ɗan murhun nan da safe, ƙofar baya a buɗe, hazo yana tashi daga ruwa, ba su taɓa shan mai daɗinsa ba. Shi ma Donka ta ce ruwan wurin ne mai kyau.

Suka isa ƙauyen su Sabri biki ya kankama. Manyan tukwane a jere a dandali, wake iri-iri yana tafasa, masu algaitar fatar akuya suna ta busa, mata sun sha ado. Sabri ne ya fara hango Kunkuru. Ya taho yana ɗaga hannu, sai ya ga mutum a kujerar gaba, ya ja birki.

"Kai, Marin! Wace ce wannan ka tsinto a hanya?"

Donka ta sauko, ta gyara ɗankwali.

"Ni ce wadda ka ce babu."

Sabri ya kama kai, ya juya ya ƙwala wa matarsa kira. Nefize ta taho da ludayi a hannu, doguwar mace, tana mitar an raba ta da tukunya. Ba fuskar baƙuwar ta fara kallo ba, ƙafa ta kalla. Ta ga saƙar hannunta. Ludayin ya faɗi.

"Donka? Masha Allah! Ashe 'yar ƙarama ce ke! A waya muryarki ta ƙatuwar mace ce."

"Ke kuma kin ce min kin rame."

Suka rungume juna, suka yi ta kuka suna dariya a tsakiyar dandali, har waken Nefize ya kama a tukunya. Maza biyun suna gefe, kowa ya sami abin kallo a sama. Kafin la'asar duk ƙauyen ya ji cewa matar Marin ta bayyana, aka riƙa zuwa ganinta. Ta ɗanɗana waken kowace tukunya, ta gaya wa kowa abin da nasa ya rasa. Da aka kafa rawar da'ira, ita da Nefize suka shiga da gwiwoyinsu masu ciwo, ba su fita ba sai da masu busa suka gaji.

Sun dawo lafiya, da wake da cuku da safa har da tawa. Lasin kuwa ba a sabunta ba, kamar yadda likita ya faɗa. Kunkuru tana nan a tsakar gida ƙarƙashin rumfar inabi, wadda har yau Marin bai gyara ba.

Akwai abu ɗaya da Donka ba ta faɗa a gaban mutane ba. Ni kaɗai ta gaya wa, wata rana muna shanya, ba ta ko kalle ni ba tana maganar.

Washegarin bikin, da hantsi, Marin ya ce ta zo ya nuna mata wani wuri. Suka hau da Kunkuru can saman ƙauyen, inda titi ya ƙare. Ya ce duk zuwansa nan yake tsayawa kafin ya kama hanyar gida, kuma a duk yawonsa, har da na ƙasashen waje, bai ga inda ya kai shi kyau ba. Suka sauko suka tsaya a bakin gangare. Kwari ne shimfiɗe a ƙasa, duwatsu bayan duwatsu har iyakar gani.

"To, duba," ya ce. "Na yi ƙarya?"

Ta duba. Ta ce min ba ta sami abin kushewa ba, duk da ta nema. Tana cikin kallo sai ta ji ya ce, kamar ba da wata manufa ba, "Hasumiyar masallacin tana nan, ko? Can wajen dama."

Ta juyo. Ya ƙanƙance ido, ya miƙa wuya, kuma inda yake nunawa ba nan hasumiyar take ba.

"Ba ka ganinta?"

"Ina ganin kore, ina ganin fari-fari. Bara dai na gan ta."

"Da wannan idon ka hawo da ni kan dutse?"

"Titi ai kusa yake. Shi ina ganinsa."

Ta ce ta so ta balbale shi da faɗa, faɗan ya ƙi fitowa. Mutumin nan ya yi wata da watanni yana roƙon ta zo ta ga abin da shi kansa ya daina gani. Sai ta kama hannunsa ta karkata shi.

"Ba can ba, nan. Ga ta nan fara sol, an yi mata sabon fenti. Ƙasa da ita akwai gada, wani yana tsallakawa da jaki. Ga rufin su Nefize, jan nan, hayaƙi yana fita. Maƙwabciyarta ta yi shanya, amma ba ta iya ba, ta haɗa farare da masu launi. Can gefen rafi ga wani ɗan coci, ƙofarsa shuɗiya. Bayansa akwai awaki a kan gangare, wata ta hau dutse ta ƙi saukowa..."

Marin yana gyaɗa kai, fuskarsa tana bin inda ta juya shi.

Donka ta ce sun daɗe a wurin. Ta ce ko akuya ɗaya ba ta tsallake masa ba.